Fitila Mai Gane Motsi da Jiniyar Tsaro: Yadda Magidancin Haɗeja Zai Zaɓa Ya Haɗa Su

A 'yan shekarun nan fitilar sola mai kunna kanta ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Daga cikin garin Haɗeja har Malam Madori, Auyo da Kafin Hausa, da wuya mutum ya ratsa layi da dare ba tare da wata ta haske shi daga saman ƙofar wani gida ba. Magidanta da yawa sun ɗauka da zarar sun kafa ta sun gama da maganar tsaro. Wasu kuma sukan ƙara da jiniya, su haɗa ta da fitilar, sai kyanwa ko iska ta riƙa tayar da unguwa tsakar dare. Daga ƙarshe mai gida ya gaji da ba maƙwabta haƙuri, ya zare wayar jiniyar, kuɗi sun tafi a banza.

Tushen matsalar shi ne an ɗora wa na'ura ɗaya aiki biyu da ba su da hali ɗaya. Idan fitila ta kama a kan akuya, ba a yi asarar komai ba sai ɗan cajin batir. Idan jiniya ta yi kuka a kan akuya sau uku, a karo na huɗu ba wanda zai leƙo, ko da ɓarawon gaske ne. Saboda haka ƙa'idar da za a riƙe tun daga shago har zuwa kan katanga ita ce: a bar fitila ta zama mai saurin kamawa, jiniya kuwa kada ta buɗe baki sai da hujja. Duk sauran bayanin da ke tafe a kan wannan ya ginu.

Ire-iren sensa, wato na'urar gane motsi, da yadda kowace take aiki

Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai jin ɗumin jiki, wadda za ka ga an rubuta PIR a kwalinta. Ba ta fitar da komai, ba ta ɗaukar hoto. Jikin mutum yana fitar da wani haske na zafi da ido ba ya gani, ita kuma tana lura da bambancin da ke tsakanin wannan zafin da na bango ko ƙasar da ke bayan mutumin. Farar robar nan mai gida-gida da ke fuskarta ita ce take yanka filin da ke gabanta zuwa sassa. Duk lokacin da abu mai ɗumi ya fita daga wani sashe ya shiga wani, sai ta san an motsa. Wannan ne ya sa ta fi kama mai giftawa ta gabanta, ta kuma yi nauyin kama wanda ya miƙo kanta kai tsaye. Yawancin na cikin ɗaki sukan kai mita 10 zuwa 12. Ba ta gani ta cikin gilashi, don haka wadda aka kafa a bayan taga don ta tsare waje ba ta tsare komai ba.

Ta biyu ita ce mai rada. Ita tana watsa wani siginal ne, ya bugi abin da ke gabanta ya dawo, idan abin yana motsi sai ta gane daga yadda siginal ɗin ya canza. Zafin gari bai dame ta ba. Illarta ita ce tana ratsa katako, gilashi da roba, har ta kama mai wucewa a bayan ƙyaure. Fanka mai juyawa, kwanon rufi da iska ke kaɗawa da ruwan sama mai ƙarfi duk suna iya ruɗa ta.

Ta uku ta haɗa biyun a akwati ɗaya, kuma ba ta kai ƙara sai dukansu sun yarda an yi motsi. Labulen da rana ta gasa zai iya ruɗar mai jin ɗumi amma ba lallai ya ruɗi rada ba, kwanon da ke rawa kuma zai ruɗi rada amma ba shi da ɗumin mutum. Ta fi tsada, amma ita ce ta dace da jiniya a wurinmu.

Ta huɗu ita ce mai igiyar haske, wadda ake kafawa biyu-biyu suna fuskantar juna a kan katanga, ɗaya tana aikawa ɗaya tana karɓa. Duk wanda ya hauro ya yanke hasken, an kama shi. Akwai mai mita 30, 60 har 100. A nemi mai layi biyu ko huɗu, wadda ba ta amsawa sai an tare layukan a lokaci guda, don kada tsuntsu ko ganye ya tashe ta.

Sai kuma 'yar ƙaramar nan ta maganaɗisu da ake maƙalawa a ƙofa ko taga, rabi a jikin ƙyaure rabi a jikin firam. Ba motsi take ji ba, buɗewa kawai ta sani. Ita ce mafi araha, kuma ba ruwanta da zafi, ƙura ko kyanwa. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da ita.

Abin da yanayinmu yake yi wa waɗannan na'urori

Akasarin kayan nan an ƙera su ne da lissafin ƙasashen da ba su san bazararmu ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Haɗeja yakan haura digiri 40, kuma bangon siminti yakan ci gaba da huci har bayan isha'i. Fatar mutum kuwa tana wajen digiri 33 zuwa 34 ne. Idan bango ya yi ɗumi daidai da jikin mai wucewa, bambancin da sensa mai jin ɗumi take nema ya ragu, sai nisanta ya gajarta, wani lokaci mutum ya zo dab da ita kafin ta farga. Masu kyau daga cikinsu suna da dabarar ƙara wa kansu kaifi idan zafi ya hau, kuma akan rubuta hakan a takardar da ke cikin kwali. Duk da haka, kada a kafa ta tana kallon bangon yamma da rana ta yini tana duka, ko janareta, ko murhu, ko tukunyar na'urar sanyaya ɗaki.

Hunturu kuma da ƙura yake zuwa. Ƙurar takan kwanta a fuskar sensa ta dusashe ta, ta shiga cikin wadda ba ta da kyakkyawan rufi. A nan ne lambar IP da ke jikin kwali take da amfani. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 tana jure fantsamar ruwa amma ƙura tana shigarta. Abin da zai zauna a waje a Haɗeja kada ya gaza IP65, domin 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma na nufin tana jure feshin ruwa. Mai igiyar haske ita ma hazo mai kauri yana raunana ta, don haka idan katangarka mita 30 ce, sayi mai mita 60.

Damina tana da nata. Garin yana bakin kogi ne, a fadamar da ta miƙa har Nguru, kuma ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa ta nan yake bi. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da jama'a suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga, ba sai an faɗa masa cewa ba a ajiye batir a ƙasa ba. Akwatin da ke sarrafa sensa da jiniya, batir da duk mahaɗar waya su kasance a sama da ƙirjin mutum. Lokacin da ruwa ya kori mutane daga gidajensu shi ne lokacin da gida ya fi buƙatar tsaro, don haka kada ya zama ƙararrawar ce ta fara nutsewa. Wayar da za ta shiga sensa ta shiga ta ƙasa, a ɗan lanƙwasa ta kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje, a kuma toshe ramin da gam. A sa abin kare na'ura daga tsawa da wuta mai zuwa da ƙarfi.

Ƙwarin fadama ma abin lissafi ne. Fitila takan tara shinge, fara da ƙananan ƙwari, su kuma su janyo tsaka, gizo-gizo da jemage. Tsakar da ta bi ta kan fuskar sensa, a wurin sensar kamar ƙaton mutum ne ya gifta. Zanzaro ma yana son yin gininsa a lungun akwatinta. Maganin shi ne sensar da ke tayar da jiniya ta yi nesa da fitila da aƙalla mita ɗaya zuwa biyu, a kuma zaɓi ƙwai mai haske ruwan ɗorawa, domin bai kai fari fat mai shuɗi-shuɗi tara ƙwari ba.

Game da dabbobi, akwai sensar da ake cewa ba ta kula su, yawanci har nauyin kilo 25. Wannan zai yi wa kyanwa, kaji da zabbi. Ragon da ake kiwo don layya ya wuce nan, akuya kuma takan hau turmi ko buhu ta kai tsayin da sensa za ta ɗauke ta mutum. Inda turke yake, a juya sensa ta kalli wani wurin, ko a manna ɗan salatif a ɓangaren fuskarta da ke kallon dabbobin.

Raba gidan kashi uku

Kafin a sayi komai, mai gida ya zagaya gidansa da takarda da biro, ya tambayi kansa ta ina mutum zai shigo idan ba ya son a gan shi.

Kashi na farko shi ne waje: ƙofar gida, gaban zaure da lungun bayan katanga. Nan hanyar jama'a ce, masu zuwa masallaci da asuba, almajirai, masu dawowa daga kasuwa ko daga su a bakin kogi. A nan fitila kawai ake so, ba jiniya. Fitilar sola mai sensa a jikinta ta wadatar.

Kashi na biyu shi ne saman katanga, tsakar gida da inda ake ajiye babur, injin ban ruwa ko dabbobi. Motsi a nan ya kunna fitilun tsakar gida gaba ɗaya, ya kuma buga 'yar ƙaramar ƙararrawa a ɗakin mai gida. Mai gida ya farka ya duba, unguwa tana barcinta. Igiyar haske ta kan katanga ce kaɗai a wannan kashin ta cancanci a haɗa da babbar jiniya, ita ma bayan an gwada ta na 'yan makonni an ga ba ta ƙarya.

Kashi na uku shi ne inda ba wanda yake da dalilin shiga da dare: siton shinkafa ko riɗi, shagon da ke jikin gida, ɗakin batir da inbata, falon da ba a kwana a ciki. Nan ake sa maganaɗisu a ƙofa da sensa mai haɗe biyu a ciki. Idan suka amsa, jiniya ta yi kuka, fitilu duka su kama, waya ta yi kira.

Gidanmu ba ya zama shiru da dare. Ana fita banɗaki, ana tashi nafila, da azumi kuma tun ƙarfe uku mata suna madafa suna haɗa sahur. Don haka a tabbata akwatin sarrafawa yana da yanayi biyu, na ana gida da na ba kowa. A na farko, sito da katanga suna ɗane, tsakar gida kuwa fitila kawai take kunnawa. A na biyu komai yana ɗane. Wani alherin sensa a gidan da ake kiyaye sutura shi ne ba ta ɗaukar hoton kowa. Wanda yake son kyamara ya tsayar da ita a ƙofar gida, cikin gida a bar wa sensa.

Haɗa fitila da jiniya, da maganar wuta

Sensar ƙararrawa da wutar batir mai bolt 12 take aiki, fitilar gida kuwa da bolt 230. Ba a haɗa su kai tsaye, domin hakan yana ƙona akwatin, yana kuma iya kashe mutum. Tsakaninsu ake sa rile, wani ƙaramin makunni da wuta kaɗan take motsa shi ya kunna babbar wuta. Akwatunan sarrafawa masu kyau suna da mafita ta musamman da ake saitawa don ta ja rile idan an yi motsi. Tambayi mai sayarwa ya nuna maka ita, aikin haɗawa kuma a ba ƙwararren mai wayarin.

Wutar KEDCO, kamfanin da ke raba lantarki a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, ba abin da za a jingina tsaron gida da shi ba ne shi kaɗai, domin ɓarawo ya fi son daren da aka ɗauke wuta. Akwatin ya kasance da batirinsa, wanda aka fi sani shi ne mai bolt 12 da amfiya-awa 7. Sensa mai waya ba ta da ci, don haka wannan batir yana iya riƙe ƙaramin gida dare guda cur. Fitilun kuma su kasance a layin inbata, ko su zama na bolt 12 da ke shan batirin sola kai tsaye. Zafi yana rage wa batirin dalma kwana ƙwarai, saboda haka a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da kwanon rufi.

A nan ne amfanin sensa ga aljihu yake fitowa. Fitila mai wat 30 da ta kwana a kunne awa 11 ta ci wat-awa 330. Idan sensa ce take kunna ta, a ce sau 20 a dare na minti biyu-biyu, minti 40 ke nan, wat-awa 20 kacal. Ragowar cajin ya tafi ga fanka da firji.

Akwai wani hali na wasu fitilun lantarki masu sensa da ya kamata a sani. An yi su ne yadda idan aka kashe makunni aka kunna da sauri, sai su zauna a kunne ba kashewa. Wutar da ke ƙyaftawa tana iya jefa su cikin wannan hali, su kwana suna ci. Idan haka ta faru, a kashe na kamar minti ɗaya a sake kunnawa.

Mai gina sabon gida ya binne bututun roba ya ja waya, domin sensa mai waya ba ta buƙatar canjin batir kuma ta fi aminci. Bututun yana kare wayar daga ɓera da rana. A tsohon gida, mara waya ta fi sauƙi, amma bangon ƙasa mai kauri da ƙyauren ƙarfe suna tare siginal, don haka a gwada a wurin kafin a huda bango. Masu amfani da zangon rediyo na 433 sun fi masu Wi-Fi ratsa gini. Akwatin da ake sa wa layin waya ya fi dacewa da mu a kan wanda ba ya aiki sai da intanet, domin shi kira yake yi ya kuma tura saƙo. A zaɓi layin da ya fi ƙarfi a unguwar, MTN ne ko Airtel ko Glo, a haɗa shi da lambar NIN, a riƙa sa masa kati don kada a rufe shi mai gida bai sani ba.

A gaban mai shago

Ko a Haɗeja za ka saya ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kada ka biya sai an kunna maka. Ja da baya ka gifta, ka ga daga ina take kama ka. Duba robar da ke zagaye da murfi, idan babu ita to lambar IP da aka buga ado ce kawai. Fitila mai kyau tana da maɓallan murɗawa uku: TIME na tsawon lokacin da za ta zauna a kunne, LUX na irin duhun da za ta fara aiki, SENS na nisan da take kamawa. Sensar jiniya ta kasance da ɗan makunnin da ke kai ƙara idan an buɗe ta ko an ɓalle ta daga bango. Kada manyan lambobin wat da ake bugawa a kwalin fitilar sola su ruɗe ka. Girman faifan sola da nauyin batir sun fi faɗin gaskiya. Tambayi ko batirin yana canzuwa, ka kuma karɓi rasit da sharaɗin mayarwa. Araha ba ta ado.

Kafawa, gwaji da kulawa

Sensa mai jin ɗumi tana son tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, a kusurwa, yadda mai shigowa zai gifta ta gabanta. Ta zauna daram a jikin bango, ba a jikin itace ko kwano mai rawa ba, a kuma sare rassan darbejiyar maƙwabta da suka leƙo gabanta, da izininsu. Fitila ta fi sensa tsayi, ta sunkuya tana kallon ƙasa. Wadda ta haska tsakar gidan maƙwabci ta shiga haƙƙinsa, wadda ta kashe wa mai gida ido kuma ta taimaki ɓarawo ne. Faifan sola ya kalli kudu da ɗan karkata, a inda inuwar soro ba ta kai masa.

Saita fitilar waje ta zauna minti ɗaya zuwa uku. Rage nisanta har ya tsaya a iyakar gidanka, don kada kowane babur da ya wuce titi ya kunna ta. Bayan an gama, a yi gwaji da dare: mutum ɗaya ya bi kowace hanya a tsaye, sannan a sunkuye, wani yana lura. A mako biyu na farko a kashe babbar jiniya a bar ƙaramar ƙararrawa, a rubuta duk lokacin da ta buga da abin da ya jawo. Sai an kawar da waɗannan dalilai za a saki jiniya. A maimaita gwajin a tsakiyar bazara, domin abin da ya yi daidai a sanyin Janairu zai iya gazawa a zafin Afrilu.

Da hunturu a goge fuskar sensa da faifan sola kowane mako da tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Fetur da kananzir suna ɓata robar. A share yanar gizo da ginin zanzaro. Kafin saukar ruwan farko a duba gam da mahaɗar waya. Sau ɗaya a wata a kashe wutar gida da gangan a ga ko batirin yana riƙewa.

Wa zai amsa idan ta yi kuka?

Jiniya ba ta kama kowa, kira take yi, kuma kiran da ba a shirya masa mai amsawa ba ɓata dare ne. Kafin a kunna ta a sanar da maƙwabta na dama da hagu, mai unguwa da 'yan sintirin layin, su ji sautinta da rana su san na gidan wane ne. A akwatin a sa lambar mai gida, ta wani babba a gidan, da ta maƙwabcin da aka amince da shi. A ajiye lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a wayar kowa. Uwar gida da manyan yara su iya ɗanawa da kashewa, amma lambar sirri kada ta fita gida, a kuma canza wadda na'urar ta zo da ita tun ranar farko.

Idan ta yi kuka da dare, kada mai gida ya fita shi kaɗai da sanda. Ya tara iyalinsa a ɗaki ɗaya, ya leƙa ta taga tunda fitila ta haska masa, ya yi waya. Buhun shinkafa da babur ana mayar da su, rai ba a mayarwa. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka a lokaci ɗaya ba, ya fara da maganaɗisu a ƙofar sito da fitila biyu a waje, ya gwada su har ya yarda da su, sannan ya ƙara sauran bayan kaka.